Fadar Masara: Nazari a kan Gidajen Tarihi na Birnin Guanajuato, Ƙasar Meksiko

Gabatarwa

Birnin Guanajuato (ana furta shi Gwanahwato) yana tsakiyar ƙasar Meksiko, cikin wani kwari mai ƙunci da duwatsu suka kewaye, tafiyar kilomita 350 da ɗoriya daga babban birnin ƙasar. Azurfa ce ta kafa shi. Cikin shekara ta 1988 hukumar UNESCO ta sa shi, tare da ramukan ma'adinansa, cikin jerin wuraren gadon duniya. Gidajen adana kayan tarihi suna da yawa a garin. Akwai gidan da aka haifi mai zane Diego Rivera cikin 1886, wanda aka buɗe wa jama'a cikin 1975. Akwai Museo del Pueblo, da aka buɗe cikin 1979 a tsohon gidan wani attajirin ma'adini. Har da gida guda da aka keɓe wa Don Quijote tun 1987, mutumin da bai taɓa rayuwa ba sai cikin littafi.

Ba za mu bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Wannan takarda za ta tsaya a kan babba daga cikinsu, watau Alhóndiga de Granaditas, sa'an nan ta leƙa gidan busassun gawawwaki da ke gefen maƙabartar garin, domin su biyun suna fassara juna. Abin da ya ja hankalinmu ga Alhóndiga lissafi ne mai sauƙi. Ginin ya yi aikin rumbun hatsi ƙasa da shekara guda kafin yaƙi ya same shi. Ya zama ganuwar yaƙi na kwana huɗu, faɗan kansa kuwa yini ɗaya ne. An rataye kawunan mutane a kusurwoyinsa kusan shekara goma. Ya yi shekara 85 yana gidan kaso. Tun 1958 shi ne gidan tarihin lardi. Daga cikin wannan doguwar rayuwa, yinin nan guda ne ƙasa ta ɗauka ta gina wa ginin suna a kansa. Tambayarmu ita ce: me ya faru da hatsin, da mutanen da aka gina rumbun dominsu?

Azurfa da masara

An gano azurfa a duwatsun Guanajuato wajen tsakiyar ƙarni na 16, kuma sarkin Espanya ya ba garin matsayin birni cikin 1741. Amma bunƙasar da ta sa sunansa ya kai Turai ta zo ne daga ƙarshen shekarun 1760, sa'ad da Antonio de Obregón y Alcocer ya faɗa kan jijiyar azurfa mai kauri a ramin Valenciana, bayan ya yi shekaru yana haƙa da kuɗin bashi. Ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran nahiyar, aka ba shi sarautar Conde de Valenciana. Masanin nan Bajamushe Alexander von Humboldt ya sauka garin cikin 1803. Ya ƙiyasta mutanen birnin da unguwannin ma'adinai sun kai 70,600, ya kuma tarar da ma'aikata fiye da 3,000 a Valenciana kaɗai. A lokacin, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na azurfar Meksiko daga wannan kwari take fitowa.

Kwarin kuwa ba ya noma abin da zai ci. Duk masarar da ake ci a garin daga filayen Bajío ake kawo ta a bayan alfadarai. Kuma ba mutane kaɗai ke cin ta ba. Hanyar tace azurfa a wancan zamani ita ce a niƙa dutsen ya zama taɓo, a cuɗa shi da gishiri da zaiba a wani fili mai daɓe, kuma alfadarai ne ke juya duwatsun niƙan. Humboldt ya ƙidaya fiye da 14,000 a wuraren tacewa na Guanajuato. Idan masara ta yi tsada, mai haƙa da alfadari kasuwa ɗaya suke dogara a kanta. In tsadar ta yi tsanani, mai rami ya rage aiki ya sallami mutane, daidai lokacin da suka fi bukatar kuɗin sayen abinci. Haka ta faru cikin 1785 da 1786. Damina ta makara, sanyi mai daskarar da raɓa ya sauko cikin watan Agusta ya ƙone amfanin gona, annoba ta biyo baya. Mutanen Meksiko suna kiran wannan lokaci shekarar yunwa. Ƙiyasin Humboldt shi ne ta ci rayuka fiye da 300,000 a ƙasar baki ɗaya, da fiye da 8,000 a Guanajuato da ramukanta.

Daga wannan tsoro ne ginin ya fito. Juan Antonio de Riaño, wanda ya zama gwamnan lardin cikin 1792, ya sa aka fara aikin cikin 1798, aka gama cikin 1809. Gini ne na dutse mai kusurwa huɗu, kowane gefe wajen mita 70, da tsakar gida mai ginshiƙai, da ƙananan tagogi can sama domin iska ta ratsa ɗakunan hatsi. Kuɗin da ya ci ya haura peso 200,000. Marubucin tarihi Lucas Alamán, haifaffen garin, ya ba da labari cewa mahaifinsa, duk da abokin gwamnan ne, yakan yi masa ba'a cewa fada yake gina wa masara. Sunan ya bi ginin har yau.

Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan kalmar alhóndiga, saboda fassararta tana iya ɓad da mu. Asalinta Larabci ne, al-funduq, masaukin fatake da kayansu, ta shiga harshen Espanya tun zamanin Andalus. Mai karatu ɗan Nijar zai tuna da rumbun tsimi, watau greniers de réserve da Faransawa suka yaɗa a ƙauyuka bayan yunwar 1931. Kamar tana nan, amma aikin ya bambanta. A rumbun tsimi manomi ne ake tilasta wa ya ajiye hatsinsa a ƙarƙashin idon hukuma. Alhóndiga kuwa kasuwa ce da rumbu a haɗe: hukumar gari tana bukatar mai kawo hatsi ya sauke shi a nan, ya biya kuɗin shiga, a sayar a gaban ma'aikatanta, domin a san yawan abin da ke garin, a kuma rage ɓoyon masu jiran tsada. Inda suka haɗu shi ne nan: a duka biyun, mulkin mallaka ya gane cewa yunwa barazana ce ga kansa, ya kuma sa maƙullin rumbu a aljihunsa.

Wani abu kuma ya sauya a ramukan kansu. Bisa al'ada, mai haƙa yana da lada na yini, yana kuma da rabo daga dutsen da ya fitar, wanda ake kira partido, ya sayar da shi don kansa. Wannan rabo ne ya sa masu haƙar Guanajuato suke ganin kansu abokan tarayya a arzikin ramin. David Brading, cikin bincikensa na 1971 a kan masu ma'adinai da ƴan kasuwar Meksiko, ya nuna yadda manyan ramuka, har da Valenciana, suka soke shi kafin ƙarshen ƙarni na 18. Garin kuma bai manta da 1767 ba, sa'ad da talakawa suka yi bore kan korar malaman Jesuit, wakilin sarki José de Gálvez ya zo ya rataye wasu, ya tsire kawunansu, ya ɗora wa jama'a tara ta shekara-shekara. Sai ga fari cikin 1809. An gama fadar masara a shekarar da masarar ta yi ƙaranci.

Ranar 28 ga Satumba 1810

Ranar 16 ga Satumba 1810 limamin Katolika na garin Dolores, Miguel Hidalgo, ya kira jama'a su tashi. Tare da shi akwai hafsoshin soja Ignacio Allende da Juan Aldama, dukansu Turawan da aka haifa a ƙasar, masu jin haushin fifikon da ake ba haifaffun Espanya. Kafin kwana goma sha biyu taron da ke bin su ya kai dubbai masu yawa, wasu sun ce 20,000 ko fiye, akasarinsu da majajjawa da adda da sanda.

Da farko Riaño ya shirya kare birnin duka, ya sa aka datse hanyoyi. Daren 24 ga wata ya sake shawara. Ya kwashe sojojinsa, da baitulmalin sarki, da takardun hukuma, ya shige Alhóndiga. Haifaffun Espanya da wasu attajirai suka bi shi da iyalansu da dukiyarsu. Alamán ya ƙiyasta abin da aka tara a ciki bai gaza peso miliyon 3 ba. Majalisar gari ta roƙe shi ya koma, ya ƙi. A ganinmu wannan dare ya fi ranar faɗan muhimmanci ga mai neman fahimtar abin da ya biyo baya. Talakan Guanajuato ya wayi gari ya ga gwamna da masu kuɗi sun kulle kansu cikin rumbun gari, tare da azurfa da abinci, sun bar shi a waje. Riaño ya yi shelar soke harajin kai a waɗannan kwanaki, amma ihu ne bayan hari.

Hidalgo da Riaño sun san juna, sun taɓa zama a majalisa ɗaya. Da safen 28 ga wata Hidalgo ya aiko da takardar neman ya miƙa wuya, da wata wasiƙa ta daban yana yi wa matar gwamnan tayin mafaka. Riaño ya ƙi. Ginin yana da kauri, amma tsaunuka sun fi shi tsawo. Maharan, da masu haƙa da suka gangaro daga Valenciana da sauran ramuka, suka hau tsaunin Cuarto suka yi ta ruwan duwatsu a kan rufin har masu tsaro suka kasa tsayawa. Na ciki suna jefo tulunan ƙarfe na zaiba da aka cika da albarushi. Tun farkon faɗan harsashi ya sami Riaño a ka, a bakin ƙofa, ya mutu. Waɗanda suka rage suka shiga gardamar wa zai ja ragama; wasu na ɗaga farin ƙyalle, wasu na ci gaba da harbi, abin da na waje suka ɗauka yaudara ce. Aka cinna wa ƙofa wuta. Aka shiga, aka kashe akasarin waɗanda ke ciki, wajen 300 a yawancin ƙiyasi, aka yi wasoson dukiyar. Maharan da suka mutu ba wanda ya ƙidaya su da kyau. Da yawa an binne su cikin dare a bakin rafi.

Jinin bai tsaya nan ba. Ranar 24 ga Nuwamba, da rundunar sarki a ƙarƙashin Félix María Calleja ta doso garin, taron jama'a ya sake fasa ginin, ya kashe fiye da mutum 100 daga cikin Turawan da ake tsare da su a ciki. Waɗannan fursunoni ne, ba su da makami. Calleja ya shiga washegari ya rama: aka harbe wasu a cikin Alhóndiga, aka kafa gumagumai a dandalin gari aka rataye wasu. Cikin waɗanda aka rataye har da Casimiro Chovell, mai kula da ramin Valenciana, wanda ya bi Hidalgo.

An kama shugabannin tawayen a arewa cikin 1811. Aka harbe Allende da Aldama da Mariano Jiménez a Chihuahua ranar 26 ga Yuni, Hidalgo kuma ranar 30 ga Yuli. Aka kawo kawunansu Guanajuato, aka sa kowanne cikin kejin ƙarfe, aka rataye a kusurwoyi huɗu na ginin cikin watan Oktoba. Suna nan har Maris 1821, sa'ad da Anastasio Bustamante ya sa aka sauke su. Bustamante hafsa ne da ya yaƙi Hidalgo a ƙarƙashin Calleja, ya sauya sheƙa da iska ta juya, daga baya ya zama shugaban ƙasa. An kai ƙasusuwan babbar majami'ar birnin Meksiko cikin 1823, aka mai da su hasumiyar ƴancin kai cikin 1925.

Daga gidan kaso zuwa gidan tarihi

Bayan samun ƴancin kai ginin ya yi aikace-aikace iri-iri, har da barikin soja da ma'ajiyar taba. Cikin 1864 Maximilien, ɗan gidan Habsburg da sojojin Faransa suka ɗora a kan mulkin Meksiko, ya ziyarci garin ya ba da umarni a mai da fursunoni ciki. Mulkinsa ya faɗi bayan shekara uku, umarninsa ya zauna har 1949. Watau an yi bikin cika shekara 100 da tashin Hidalgo, cikin 1910, alhali wurin da ake kira shimfiɗar ƴanci cike yake da ɗaurarru.

Mai da shi gidan tarihi aikin gwamnatocin da suka biyo bayan juyin juya halin 1910 ne. Cikin 1939, zamanin shugaba Lázaro Cárdenas, aka kafa INAH, hukumar ƙasa mai kula da tarihi da kayan gado. Ita ce ke riƙe da Alhóndiga. Cikin 1944 aka buɗe gidan tarihin ƙasa a Chapultepec. Cikin 1959, shekara guda bayan buɗe na Guanajuato, aka kafa hukumar buga littattafan makaranta na kyauta, iri ɗaya ga kowane yaro a ƙasar. Duk aiki ɗaya ne: a ba ɗan Meksiko labari guda, wanda ya fara daga daulolin da suka gabaci Turawa, ya ratsa duhun mulkin mallaka, ya fito ga Hidalgo, ya ƙare a gwamnatin da ke kan mulki. Tsarin ɗakunan Alhóndiga yana bin wannan hanya. Akwai tukwanen Chupícuaro na ƙarnukan da suka gabaci zuwan Turawa, da tarin hatimai na yumɓu, da ɗakunan zamanin mallaka da na yaƙin ƴanci, da kayan sana'ar hannu na lardin. A ƙasa akwai zauren jarumai, mai fuskokin shugabannin da wuta da ba a bari ta mutu, wadda ake sabuntawa kowace ranar 28 ga Satumba. A waje, kowace kusurwa tana ɗauke da sunan mai kan da aka rataye a wurin.

Ba laifi ba ne ƙasa ta girmama matattunta. Abin lura shi ne, Calleja ne ya zaɓi mutum huɗun nan, shi ya zaɓi wurin, shi ya ce labarin ginin labarin shugabanni huɗu ne da suka ɓad da jahilai. Gidan tarihin ya juya hukuncin, masu laifi suka zama jarumai, amma ya bar tsarin yadda ya gaje shi. Har yanzu mutum huɗu ne masu suna, sauran taro ne.

Mutumin da ya ƙona ƙofa

Taron ya sami wakili guda, shi ma a wajen ginin. A kan tsaunin da ke kallon birnin akwai wani ƙaton mutum-mutumi na dutse, aikin Juan Fernando Olaguíbel, da aka kafa cikin 1939: mutum ne riƙe da wuta a sama. Shi ne El Pípila. Kalmar tana nufin macen talotalo. Kowane ɗan makaranta a Meksiko ya san labarinsa: mai haƙa ne da ya ɗaura faifan dutse a baya domin kare kansa daga harsashi, ya rarrafa har bakin ƙofa ya cinna mata wuta.

Madogarar labarin ita ce Carlos María de Bustamante, ɗan tawaye kuma marubuci (ba shi da alaƙa da hafsan da muka ambata), wanda ya fara buga tarihin yaƙin cikin shekarun 1820. A wurinsa Hidalgo da kansa ne ya kira mutumin ya ba shi aikin. Alamán, wanda yake saurayi ɗan shekara 17 a garin ranar da abin ya faru, ya musa cikin tarihinsa da ya fara fitowa cikin 1849. Hujjarsa biyu ce: Hidalgo ba ya kusa da ƙofar a lokacin, kuma ba wanda ya san wannan suna a Guanajuato. Amma shi ma ya ambaci masu haƙa da suka matso jikin ginin suna kāre da fayafayan dutse. Cikin 1868 wani lauya ɗan garin, José María Liceaga, ya ce mutumin ya wanzu, sunansa Mariano, ma'aikacin ramin Mellado ne. Sunan da ke cikin littattafan makaranta yau, Juan José de los Reyes Martínez, daga baya ya bayyana.

Kowane ɗayan shaidun nan yana da inda ya karkata. Bustamante yana neman jarumi daga cikin talakawa domin ya wanke ranar daga zargin kisan gilla. Alamán ɗan gidan masu ma'adini ne, ya ga wasoso da idonsa, sai da Hidalgo ya sa baki kafin gidan mahaifiyarsa ya tsira. Ya zama jigon masu ra'ayin riƙau, kuma bai taɓa ganin komai cikin taron ba sai ɓarna. Mu dai abin da muka ɗauka shi ne inda maƙiyan biyu suka yarda da juna ba da niyya ba: dabarar faifan dutse da wuta dabarar masu aikin rami ce, kuma ba mutum ɗaya ya yi ta ba. Mutum-mutumin ya tattara su ya mai da su mutum guda mai biyayya ga umarnin shugaba. Ta haka an kauce wa tambayar abin da ya fusata su, su da kansu, tun kafin Hidalgo ya iso.

Binciken baya-bayan nan ya buɗe wannan tambaya. Enrique Florescano ya bi farashin masara daga 1708 zuwa 1810 ya nuna yadda tsada take dawowa zagaye-zagaye, da yadda 1810 ta faɗo a kan ɗaya daga cikinsu. John Tutino ya nuna yadda manoman haya da ƴan ƙodago na Bajío suka rasa tabbacin abinci cikin shekarun da suka gabaci tawayen. Eric Van Young, cikin 2001, ya tattara bayanan mutum fiye da 1,200 da aka kama da laifin tawaye, ya tarar fiye da rabinsu ƴan asalin ƙasa ne, mutanen karkara, kuma abin da ya dame su ya fi kusa da ƙauyensu bisa ga wata ƙasa mai suna Meksiko da ba su taɓa ji ba.

Bawa a bango, ɗa a rami

A matakalar ginin akwai manyan zanen bango guda biyu na José Chávez Morado, ɗan lardin, wanda ya shugabanci gidan tarihin cikin shekarun 1970. Na farko, na 1955, a kan soke bauta ne, Hidalgo a tsakiya a matsayin mai kwance sarƙa. Tushensa gaskiya ne. An yi shelar soke bauta da sunansa a Valladolid ranar 19 ga Oktoba 1810, shi kuma ya sake ta a Guadalajara ranar 6 ga Disamba, ko da yake sai cikin 1829, zamanin shugaba Vicente Guerrero, dokar ta zauna.

Sai dai zanen yana iya sa baƙo ya ɗauka cewa matsayin baƙar fata a wannan tarihi shi ne na wanda aka ƴanta. An kawo ƴan Afirka wajen 200,000 Meksiko a zamanin mallaka, akasari kafin 1640. Kafin 1810 bayin da suka rage ba su wuce 10,000 ba a ƙasa mai mutum miliyon 6. Jikokinsu ƴaƴa ne, takardun hukuma suna kiran su mulato, kuma suna biyan harajin kai kamar ƴan asalin ƙasa. Ƙidayar 1792, wadda Brading ya yi nazari a kanta, ta nuna su kashi ne babba na ma'aikatan ramukan Guanajuato. Ke nan cikin masu jifa daga tsaunin Cuarto akwai jikokin Afirka da yawa waɗanda ba su jira kowa ya kwance su ba. Abin da ya shafe su kai tsaye cikin shelar 6 ga Disamba shi ne sashenta na biyu, soke harajin. Gonzalo Aguirre Beltrán ya rubuta tarihin baƙar fatar Meksiko tun 1946, amma aƙidar hukuma ta lokacin ita ce ɗan ƙasa gaurayen jini biyu ne, na Espanya da na ƴan asali. Sai cikin 2019 tsarin mulki ya ambaci ƴan Meksiko masu asalin Afirka, kuma a ƙidayar 2020 mutum wajen miliyon 2.5, kashi 2 cikin 100, suka bayyana kansu haka.

Fuskoki da gawawwaki

In ana neman talakan lardin da fuskarsa a cikin Alhóndiga, sai a tsallake ɗakunan yaƙi. Gidan yana ajiye da zanen Hermenegildo Bustos (1832-1907), mutumin ƙauyen Purísima del Rincón, wanda ya koya wa kansa zane, yana kuma sana'ar sayar da ƙanƙara. Ya zana maƙwabtansa yadda suke, ba ƙari ba ragi, yakan rubuta sunan mutum da ranar zanen a jikin allon. Akwai kuma dubban gilasan hoto na Romualdo García (1852-1930), wanda ya buɗe shagonsa a garin cikin 1887. Ambaliyar 1905 ta lalata yawancin na farko. Waɗanda suka tsira suna nuna masu haƙa, da ƴan aikin gida, da sojoji, da iyaye riƙe da gawar jaririnsu an yi mata ado, a gaban labule ɗaya da attajirai suke tsayawa. Jikokin mutanen 1810 ne. A ra'ayinmu waɗannan su ne dukiyar gidan ta gaske, ko da yake ba dominsu ake kawo ƴan makaranta ba.

Gidan da ya fi jan baƙi a Guanajuato kuwa wani ne daban, kuma ba INAH ke riƙe da shi ba, hukumar gari ce. An buɗe maƙabartar Santa Paula cikin 1861. Ana sa gawa cikin wani gurbi a jikin bango, iyali su biya kuɗin wuri. In shekaru suka wuce ba a sabunta biya ba, a fitar da ita a ba wani gurbin. Daga shekarun 1860 ma'aikatan maƙabartar suka lura wasu gawawwakin ba su ruɓe ba, bushewa suka yi saboda rashin damshi a guraben. Suka riƙa jingine su a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, masu son kallo suna ba su ɗan abin hannu. Dokar biyan ta kau cikin 1958, shekarar da aka buɗe Alhóndiga, amma kallon ya riga ya zama sana'a. Wani fim na ɗan kokawa El Santo da ya fito cikin 1972 ya yaɗa sunansu ko'ina. Yau gawawwaki fiye da 100 ne a hannun hukumar garin, maza da mata da jarirai, kuma kuɗin shiga kallonsu yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗinta.

Ga wanda ya tashi inda ake gaggauta suturta mamaci, abin yana da wuyar kallo, kuma a Meksiko ma ba kowa ya yarda da shi ba. Amma mai nazarin tarihi ya kamata ya lura da yadda aka tara wannan taro. Ba masani ne ya zaɓe su ba. Rashin biya ne ya zaɓe su: wanda danginsa suka talauce, ko suka ƙaura, ko suka ƙare. Labarin da ake yawan ba baƙi cewa annobar kwalara ta 1833 ce ta kashe su bai yi daidai da shekarar buɗe maƙabartar ba. Cikin 2023 INAH ta yi kashedi a kan alamun fumfuna a jikin wata gawa da aka kai baje kolin yawon buɗe ido a birnin Meksiko. Cikin 2024 ta zargi hukumar garin da sakaci bayan hannun wata ya cire a lokacin gyaran ɗakunan. Gardamar ta tsaya a kan wa ke da iko da su, gwamnatin tarayya ko ta gari, da kuma ko kayan gado ne ko matattu. Yawancinsu ba a tabbatar da sunayensu ba. Sunan da masu rakiyar baƙi suka fi ambata shi ne na wanda aka ce shi aka fara fitarwa, Remigio Leroy, likita Bafaranshe da ya mutu a garin ba shi da dangin da za su biya masa.